Gurnani a Cikin Gurmi

Gabatarwa

Masu nazarin kiɗan Hausa sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen rarraba kayan kiɗa gida-gida. Ga na bugawa, ga na busawa, ga na girgizawa, ga kuma masu tsirkiya irin su goge da kukuma da garaya da molo da kuntigi da gurmi. Sun bayyana yadda ake fafe ƙwarya, da yadda ake rufa ta da fata, da irin mutanen da ake yi wa kowane kiɗa. Amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, ko da yake ita ce ke hana makaɗan gargajiya barci a wannan zamani, watau yaya za a yi a ji su? Shi gurmi an yi shi ne domin dandalin da jama'a kan yi tsit su saurara. To, yau dandalin ya cika da manyan lasifika, wanda duk muryarsa ba ta bi ta waya ba kuwa, kamar bai zo ba ne.

Wannan labarin wani tsohon mai gurmi ne da autansa, waɗanda a kakar 1922 ta kakanninsu ba za su san abin da ake kira wutar lantarki ba, amma a kakar 2022 suka yi niyyar shigar da ita cikin ƙwarya. Wutar ta shiga, sai dai ta zo da baƙon da ba a gayyata ba.

Tsoho da Autansa

Tsohon ya gaji gurmi ne daga mahaifinsa, shi kuma daga nasa mahaifin. Fiye da shekara 40 yana bin filayen kokawa bayan an kawar da amfanin gona. Kowane ɗan kokawa da takensa, kuma da ya taɓa tsirkiya, tun bai buɗe baki ba, mai taken zai zabura ya faɗo fili yana kirari. Da wannan sana'a ya yi aure, da ita ya ciyar da iyali, da ita kuma aka san shi.

A wani biki cikin 2021 aka shimfiɗa masa tabarma a gefe, su kuwa samari suka ɗauko mai kiɗan na'ura, wanda ake kira DJ. An gwada kawo wa tsoho makirfo, amma da yake muryar gurmi ƙanƙanuwa ce, da an ƙara mata ƙarfi sai lasifika ta ɗauki ihu, tilas aka janye. Ya yi kiɗa kusan rabin sa'a, gumi na zuba, can sai wani yaro ya durƙusa gabansa cikin ladabi ya ce, “Baba, an ce a tambaye ka, yaushe za ka fara?” Tsoho bai amsa ba. Da ya koma gida ya rataye gurmin a bangon ɗakinsa, bai kuma sake sauke shi ba.

Auta bai koyi kiɗa ba. Yana koyon gyaran rediyo da wayar hannu ne a wurin wani dattijo a bakin kasuwa, wanda kowa ke kira Malam Mai Rediyo. Sau da yawa akan yi masa gugar zana, a ce kyan ɗa ya gaji ubansa, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Mahaifinsa bai taɓa yi masa maganar ba, wannan shirun kuwa ya fi gugar zanar ciwo.

Ana nan sai wani tsohon ɗan kokawa, wanda tsoho ya yi wa kiɗa tun suna samari, ya aiko da goro. Zai aurar da ɗansa bayan kaka, kuma yana so ya sake jin takensa ko sau ɗaya ne, tun da ƙarfi ya ƙare, gwiwoyi sun ƙi. Tsoho ya karɓi goro ya ce, “Allah ya kai mu.” Amma Auta ya lura har aka kwana bakwai gurmi na nan a bango.

Yadda Aka Yi wa Gurmi Kunne

Auta ya taɓa gani a wayarsa cewa Mdou Moctar na ƙasar Nijar ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke, kuma Mawangu Mingiedi na birnin Kinshasa ya ƙara wa kayan kiɗan mutanensa murya da maganaɗisun da ya tsinto daga tsofaffin motoci. Sai ya ce a ransa, abin da ya yiwu a can zai yiwu a nan. Da ya nemi a ba shi gurmin bango, tsoho ya ce, “Wannan ƙwarya ta girme ka, Auta. Ba a huda ta.” Saboda haka ya nemo sabuwar ƙwarya da gora da fata. Ranar da zai ja fatar ya kasa, tsoho ya karɓa ya ja masa ita ba tare da ya ce uffan ba.

Abin da Auta ya ƙera ya raɗa masa suna kunne, domin shi ne zai saurari tsirkiya ya kai wa amfilifaya labari. Asalin hikimar tsohuwa ce. Tun cikin 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, to wutar lantarki kan taso a cikin wayar. Idan aka naɗe maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe, aka ajiye shi ƙarƙashin tsirkiyar ƙarfe, duk rawar da tsirkiyar ta yi za ta girgiza ƙarfin maganaɗisun, sai wata 'yar wuta ta taso tana rawa daidai da ita. Amfilifaya kuwa aikinta ta kumbura wannan 'yar wuta har ta iya kaɗa lasifika. Da yake maganaɗisu ba ruwansa da zaren roba irin na masunta, wanda tsoho ya saba ɗaurawa, sai Auta ya warware wayar birkin keke ya zare silinta ya yi tsirkiya da shi.

Wayar naɗin ya cire ta ne daga wata matacciyar taransifomar rediyo, siririya kamar gashin kai, ko numfashi aka yi da ƙarfi sai ta tsinke. Ya ari keken ɗinkin Inna ya ɗora abin naɗin a wurin da ake naɗa zare. Duk naɗi 100 sai ya jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya a cikin tasa, har gyaɗa ta kai 50, watau naɗi 5,000. Kunnen jitar kamfani yakan kai wajen 8,000, amma wayarsa iyakarta ke nan. Ya kafa kunnen a kan ɗan katako kusa da jakin gurmi, ya jawo waya biyu irin ta fitila, ya haɗa da wata tsohuwar amfilifaya ta gwanjo mai fulogi mai ƙafa biyu.

Daren da aka kunna, tun ba a taɓa tsirkiya ba, sai gida ya ɗauki wani irin gurnani mai kauri wanda ba ya tsayawa shan iska. Inna ta fito da sauri tana tsammanin an kawo injin niƙa ƙofar gida. Yaran maƙwabta suka haye katanga suna cewa gurmi ya yi aljanu. Da tsoho ya taɓa tsirkiya an ji muryarta, amma kamar mutum ne ke magana a gindin inji. Auta ya miƙa hannu zai kashe don kunya, sai tsoho ya ce, “Bar shi.”

Kunnen Makaɗi

Dare biyu tsoho yana zama da wannan gurnani, idanu a rufe, gurmi a cinya, yana juyawa gabas da yamma. A dare na biyu an ɗauke wuta, aka jawo ta janaretan maƙwabci. Da gari ya waye ya kira Auta ya ce masa, “Abin nan murya biyu ne. Akwai ƙugi daga ƙasa, akwai kuma ziza daga sama irin ta ƙudan zuma. Shi ƙugin, da wutar gari sautinsa ɗaya ne, ba ya hawa ba ya sauka, amma da wutar inji yana tangaɗi duk lokacin da injin ya ji nauyi. In na juya jikina yakan ragu, in na dawo ya dawo. Ita kuwa zizar, hannuna take bi. In na kawo shi kusa sai ta ƙaru, haka ma in na matsa wajen ƙwan fitila ko abin cajin wayarka.”

Da Auta ya kai wa Malam Mai Rediyo wannan bayani, sai Malam ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Yaro, mahaifinka ya gama maka rabin aiki. Ni da mita sai in yini ban rarrabe su haka ba.” Sa'an nan ya warware masa zance. Wutar da ke zuwa gidaje ba miƙewa take yi kamar ruwan famfo ba, kai da komowa take yi, sau 50 a kowane sakan a Nijeriya da Nijar, a Amurka kuwa sau 60, shi ya sa ƙugin can ya ɗan fi na nan tashi. Duk wayar da ke ɗauke da ita, balle taransifoma, tana watsa ƙarfin maganaɗisu mai kai da komowa daidai da wannan lissafi. Kunnen da Auta ya naɗa kuwa ba shi da wayon rarrabe rawar tsirkiya da rawar wayar bango, duk abin da ya ji sai ya kai. Wannan shi ne ƙugi. Janareta kuwa gudunsa ke yanke lissafin, in ya ji nauyi ya sassauta, sai sautin ya yi ƙasa. Juyawar da tsoho ke yi kuma tana sauya fuskar da naɗin ke ba wa wannan ƙarfi ne.

Ita ziza hanyarta dabam. Wayoyin gida da ƙwayayen fitila na zamani da abin caji suna feso wani tarkacen lantarki a cikin iska, duk wata tsirarar waya kuwa eriya ce mai tsince shi. Jikin ɗan Adam ma, da yake ruwa ne da gishiri, babbar eriya ce, shi ya sa zizar ke bin hannu. “Cuta biyu ce,” in ji Malam, “magani ma biyu ne. Fara da mai sauƙin.”

Sulke da Gwangwani

Maganin ziza shi ne a kewaye hanyar sauti da ƙarfe, a ba tarkacen wata hanya ya bi ya wuce. Auta ya jefar da wayar fitila ya sayo waya mai sulke, watau wadda silin da ke ɗauke da sauti yake tsakiya, an saƙa masa rigar jan ƙarfe ta kewaye shi kamar sulken mayaƙan da. Ya yanka gwangwanin madara ya yi wa mahaɗar wayoyi ɗaki a cikin ƙwarya. Malam ya gargaɗe shi da abu biyu: ya kankare tsatsa da fenti kafin ya like da dalma, domin likin da ya yi dishi-dishi bai kama ba, sai mai ƙyalli, kuma sulke da gwangwani da ƙarshen naɗi duk su haɗu a wuri ɗaya, daga nan su tafi jikin amfilifaya.

Saura abu guda, watau a haɗa su kansu tsirkiyoyin da wannan mahaɗa, yadda da makaɗi ya ɗora yatsa, tarkacen da jikinsa ya tsinto zai zurare ta nan. Haka ake yi wa jitar kamfani. Amma Malam ya ce, “Kada ka haɗa wannan sai ka kawo mini amfilifayar na duba cikinta.” Biki saura kwana 12, amfilifaya ga nauyi, kasuwa ga nisa. Auta ya ce a ransa ai waya ɗaya ce. Ya naɗa ɗan ƙyallen gwangwani a gindin gora inda tsirkiyoyi suka ɗaure, ya like. Da ya gwada, yana tsaye da takalmin roba a kan busasshen siminti, yana taɓa tsirkiya ziza ta ɗauke ɗif. Murna ta kama shi, ya ƙosa mahaifinsa ya dawo.

Da magariba Inna ta yayyafa wa tsakar gida ruwa saboda ƙura. Tsoho ya idar da salla, ya zauna a kan kujera 'yar tsugune, ƙafafunsa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannunsa da sauran danshi. Auta ya miƙa masa gurmi. Yatsunsa na sauka a kan tsirkiya sai aka ga kafaɗarsa ta fizge, gurmi ya yi tsalle ya faɗi gefe, shi kuwa ya kife daga kan kujera yana salati. Auta ya yi wuf ya zare fulogi. Inna ta saki tasa ta yo kansa. An ɗauki lokaci tsoho yana murza hannunsa na dama, wanda da shi ya ci abinci shekara 40. Da ya sami magana bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, “Auta, gurmin kakanka bai taɓa cizon kowa ba.” Inna ta rantse wannan abu ba zai sake kwana a gidanta ba. A daren nan Auta bai runtsa ba, domin ya san garin gyaran gira ya kusa rasa ido.

Wayar Ƙasa

Da sassafe ya ɗauki amfilifaya a ka har bakin kasuwa. Malam ya kunna ta, ya ɗora testa a jikin ƙarfenta, sai ƙwan testa ya kama ja. Ya daɗe yana duban yaron kafin ya ce, “Da na ce ka kawo, ka ɗauka son wahalar da kai nake yi?” Da aka buɗe sai ga wata tsohuwar kwandansa da aka ɗaura tsakanin wayar wuta da jikin akwatin, kamar yadda akan yi wa waɗansu amfilifayoyin da, ta tsufa tana yoyo. Wutar da ta yoyo ta taru a jikin ƙarfe ba ta da mafita, tun da fulogin ƙafa biyu gare shi. “Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo,” in ji Malam. “Ita ma wuta ƙasa take nema. Ka haɗa jikin akwati da tsirkiya, tsirkiya da hannun mahaifinka, ƙafarsa kuma na kan laima. Kai da kanka ka shimfiɗa mata hanya ta cikin ƙirjinsa.”

Kada mai karatu ya ɗauka abin wasa ne. Wutar gida ƙarfinta wajen bolt 230 ne, kuma kaɗan daga cikinta in ta ratsa ƙirji ta isa ta rikita bugun zuciya. A 1972 wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya mutu a gaban 'yan kallo a garin Swansea na Birtaniya, da ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba. A 1976 kuma Keith Relf, wanda ya yi suna da ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa yana kaɗa jitar da haɗinta na ƙasa bai inganta ba. Abin da ya tsirar da tsoho shi ne yoyon bai yi yawa ba, kuma fizgar ta raba shi da tsirkiya.

Malam ya yanke kwandansar ya jefar. Ya sa sabuwar waya mai sili uku, ya ɗaure mai launin kore da rawaya a jikin akwati da noti, ya sa fulogi mai ƙafa uku. Ya nuna wa Auta cewa ƙafar sama ta fi sauran tsawo da gangan, don ta riga su shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Ita ce wayar ƙasa, aikinta ta kwashe duk wutar da ta ɓace hanya ta kai ta ƙasa kafin ta sami mutum.

Da suka je gida suka kwance soket ɗin bango, sai suka tarar ramin na uku fanko ne, ba a taɓa ɗaura masa komai ba, kamar yadda yake a gidaje da yawa. Suka haƙa rami kusa da makwarara, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi, suka kafa sandar ƙarfe mai rigar jan ƙarfe wadda ta kusa tsawon mutum, suka zuba gawayi da gishiri, suka jawo waya mai kauri zuwa soket. Malam ya ce busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, don haka da rani a riƙa ba ramin ruwa. Ya ƙara da cewa sanda kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da makashin nan mai jin yoyo, wanda kan katse wuta cikin ƙiftawar ido da zarar abin da ya ɓace ya kai miliamfiya 30. Kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun Auta, sai ya sayar da wayarsa, ita wadda a cikinta ya fara ganin wannan hikima.

Sauran aiki shi ne shawo kan mutanen gida. Malam ya zauna da tsoho a zaure, suka gaisa irin ta sa'o'in juna, ya ce, “Laifin yaro ne, ya kuwa sani. Amma aikinsa na da kyau.” Ya ɗora testa a kan tsirkiya, ba ta kama ba. Ya danna maɓallin gwaji na makashin, wuta ta ɗauke nan take. Sa'an nan ya kama tsirkiyoyin da hannunsa ya riƙe. Tsoho ya dube shi, ya dubi ɗansa, ya ce a miƙo. Inna dai ta kafa sharaɗi, ba a sake kiɗa sai da takalmi, a kan busasshiyar tabarma, Malam kuwa ya ce maganarta dutse.

Tagwayen Kunne

Ziza ta tafi, haɗari ya kau, amma ƙugi na nan, domin ƙarfin maganaɗisu ratsa siririn gwangwani yake yi abinsa. Maganinsa wata dabara ce da Seth Lover ya tsara wa kamfanin Gibson na Amurka a 1955, ta kuma fito a jikin jitocinsu a 1957. A maimakon kunne ɗaya sai a yi tagwaye, a jera su kusa da juna, a juya wa na biyu naɗi, a kuma juya masa fuskar maganaɗisu. Ƙugin da ke zuwa daga waje ba ruwansa da maganaɗisun kunne, naɗi kaɗai yake bi, saboda haka abin da Hassan ya ɗauko sai Husaini ya ɗauko kishiyarsa, su kashe juna, kamar ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, ba inda za ta motsa. Ita kuwa muryar tsirkiya juyi biyu ta sha, na maganaɗisu da na naɗi, sai ta dawo daidai, tagwayen su haɗa baki su ƙara mata ƙarfi.

Sharaɗin shi ne naɗin biyu su yi daidai. Malam ya ba shi wata matacciyar taransifomar, Auta ya koma kan keken Inna. Ya kai gyaɗa 30 da wani abu, ya fita shan ruwa, kafin ya dawo wata 'yar jikar gidan ta cinye lissafin. Tilas ya warware ya sake, wannan karo da tsakuwa. Da ya haɗa tagwayen karo na farko sai ƙugi ya ninka, muryar gurmi kuwa ta shaƙe kamar mai mura. Ya gane ya haɗa su a baibai, ya sauya bakin waya biyu. Da ya sake kunnawa sai ya zaci an ɗauke wuta, har ya leƙa ya ga fitilar amfilifaya na ci. Ƙugin bai mutu ƙurmus ba, sai dai wanda ya kara kunne a lasifika ne zai ji shi.

Tsoho ya ɗaure tsirkiya ya gwada. Ya ce muryar ta yi ƙarfe, tana da kaifi, kuma tana daɗewa ba ta mutu ba, ba kamar ta gurmin bango mai taushi ba. Gaskiya ya faɗa, wani abu ya salwanta a hanya. Kwana uku yana koyon danne tsirkiya da gefen tafinsa don ya gajarta mata numfashi, har ya sami abin da ya ce zai iya fita da shi ba kunya.

Ranar Biki

An yi taron ne a babban ɗakin taro na garin. Mai DJ, yaro ne mai kirki, ya ce a jawo waya daga amfilifayar Baba zuwa na'urarsa don a ji a manyan lasifika. Ana haɗawa sai ga gurnani ya dawo, wannan karo da ƙarfin da ya sa mata toshe kunne. Dalili kuwa, na'urorin biyu kowace tana da tata wayar ƙasa ta soket dabam, ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan, ga kuma sulken sabuwar waya ya sake haɗa su. Hanya ta zama zobe, ɗan bambancin da ke tsakanin soket biyun ya sa wuta ta riƙa kewaya zoben, tana shiga cikin sauti. Akan magance wannan ta hanyar ɗaukar wuta daga soket ɗaya, ko a sa wata 'yar taransifoma a tsakani mai wuce da sauti ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. A wurin babu ko ɗaya.

Mai DJ ya zaro filaya ya ce, “Kawo fuloginka in karya doguwar ƙafar, yanzu zai yi shiru. Haka muke yi kullum.” Gaskiya ne zai yi shiru, domin zoben zai yanke. Jama'a sun fara ƙorafi, uban ango na zaune yana jira, tsoho kuma ya ɗago kai yana duban ɗansa, yatsunsa a sama da tsirkiya bai sauke ba. Auta ya rufe fulogin da tafin hannunsa ya ce, “Yi haƙuri, wannan ƙafa ran mahaifina ce.” Ya zare wayar da ta haɗa na'urorin, ya karɓi makirfo ya kafa shi a bakin 'yar lasifikarsu. Yanzu da muryar gurmi ta yi ƙarfi, makirfo bai bukaci a ƙure shi ba, balle ya yi ihu. Ɗaki ya yi tsit.

Tsoho ya sauke yatsa. Bai kai ga buɗe baki ba, uban ango, wanda sai an kama shi yake tashi, ya dafa sandarsa ya miƙe shi kaɗai, ya ɗaga hannun dama sama kamar yadda yakan yi in ya shigo fili, bakinsa na rawa. Tsofaffin da suka san taken suka ɗauki sowa, mata suka rangaɗa guɗa, samarin da ba su taɓa ji ba suka ɗaga wayoyinsu suna ɗauka.

Kammalawa

Abin lura ga ɗalibin Hausa a nan shi ne, duk wannan aiki da Hausa aka yi shi. Kunne da sulke da tagwaye da wayar ƙasa ba a kwamitin fassara aka ƙirƙiro su ba, a bakin kasuwa da tsakar gida suka fito, lokacin da bukata ta kama. Haka kuma aikin bai yiwu da sanin mutum ɗaya ba. Kunnen makaɗi ne ya rarrabe cutar, ilmin mai gyara ya ba ta suna, hannun yaro ya yi ɗinkin, bayan ya koyi cewa gaggawa a sha'anin wuta tana iya cin rai. Wanda duk zai bi sawunsu, ya fara da wayar ƙasa kafin ya nemi daɗin sauti.

A hanyar komawa gida a daren bikin, tsoho ya miƙa wa Auta gurmi ya riƙe masa, abin da bai taɓa yi ba. Sun kusa ƙofar gida ya ce, “Gobe bayan la'asar ka zo in nuna maka inda ake sa yatsa.” Gurmin gado yana nan a bango ba a huda shi ba, da shi ake darasin. Da rani kuwa, kullum tsoho ya gama alwala, sai a ga ya taka zuwa bakin makwarara ya juye sauran ruwan butarsa a gindin sandar nan.